Amana Aka Damƙa Musu: Martani Kan Tarihin Mata Masu Tsaron Fitilar Teku

Na karanta maƙalar da wani malami, wanda nake girmama alƙalaminsa da zurfin bincikensa, ya rubuta a wannan mujalla game da tarihin hasumiyoyin fitila, watau dogayen gine-ginen nan da ake kafawa a gaɓar teku da bisa duwatsun da ke cikinta, ana kunna wuta a ƙololuwarsu tun daga faɗuwar rana har hudowarta, domin matuƙan jiragen ruwa su gane hanya su tsira daga halaka. Da yake Malam ya kyautata bayani a kan gine-ginen da gwanayen da suka tsara su, da ban sa baki ba, in ba don abin da ya faɗa a ƙarshen maƙalar game da matan da suka riƙe wannan aiki ba. Da'awarsa uku ce. Ta farko, wai matan nan zawarawa ne da marayu waɗanda hukuma ta tausaya wa, ta bar su a gidajen da mazajensu suka mutu suka bari, tana ba su albashi da sunan aiki alhali a haƙiƙa sadaka ce. Ta biyu, wai sunan da kaɗan daga cikinsu suka yi, 'yan jarida ne suka kambama shi don kasuwarsu ta ci. Ta uku, wai ɓacewarsu daga aikin bayan shigowar injuna ita ce shaidar da ta nuna cewa tun asali ba su ke ɗauke da nauyin ba. Ina roƙon Malam ya yi mini uzuri in bi waɗannan mas'aloli ɗaya bayan ɗaya, domin a ganina ya ɗauki wani yanki na gaskiya ya gina hukuncin da gaskiyar ba ta ɗauka ba, kuma hukuncin ya taɓa mutuncin bayin Allah waɗanda ba su da bakin kare kansu.

Malamanmu sun karantar da mu cewa abu biyu ake dubawa ga wanda za a ɗauka aiki, ƙarfi da amana, kuma ba za a san ko mutum ya cika su ba sai an san aikin da kansa. To, kafin zuwan lantarki, fitilar hasumiya mai take ci: a Amurka an fara da man wani ƙaton kifin teku, daga baya aka koma kitsen alade, sa'an nan kananzir ya maye gurbinsu wajen ƙarshen ƙarni na 19. Man nan a hannu ake hawa da shi bisa matakala mai murɗe-murɗe har saman hasumiya. Kitsen kuwa, idan sanyi ya tsananta, daskarewa yake yi, sai an narkar da shi a wuta an yi gaggawar kai shi kafin ya sake sandarewa. Duk wanda ya taɓa kwana da fitilar ƙwai ya san cewa lagwani in ba a datse shi daidai ba hayaƙi yake yi, hayaƙin kuma ya baƙanta gilashi har hasken ya dushe. To, haka al'amarin yake a can, illa dai fitilar hasumiya ana tashi a gyara ta sau da yawa cikin dare ɗaya, kuma dushewarta na iya zama ajalin mutane ɗari. Bayan Augustin Fresnel, Bafaranshe, ya ƙago gilashin nan mai tattara haske, wanda aka fara ɗora shi a hasumiyar Cordouan a 1823, aka daɗa wa mai tsaro gogar gilasai masu tsada da tagullar da ke riƙe da su kowace safiya, da ɗaura na'urar da ke juya fitila, wadda ke tafiya da nauyi kamar tsohon agogon bango, da kaɗa ƙararrawa idan hazo ya rufe teku, da shafen hasumiya, da rubuta abin da ya gudana a kundi. Wannan kuwa kowane dare ne na shekara, babu ranar hutu, babu uzurin ciwo ko na rasuwa. Wanda ya yi tunani a kan haka zai gane cewa a wuraren da hukuma ta naɗa mutum ɗaya tak, aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma lalle akwai wasu hannuwa a cikin gidan da ke kama masa, ko an rubuta sunansu ko ba a rubuta ba.

Mu koma ga da'awar farko. Gaskiya ne, kuma adalci ya wajabta a faɗa, cewa mafi yawan matan da aka naɗa ta ƙofar mutuwa suka shiga. Hannah Thomas, wadda ake ƙirgawa a matsayin mace ta farko da ta tsare fitila a Amurka, ta riƙe ta Gurnet a jihar Massachusetts ne tun 1776, shekarar da mijinta Janar John Thomas ya rasu da cutar agana a Kanada yana fagen yaƙin neman 'yancin Amurka. Charlotte Layton ta gaji mijinta a Point Pinos ta Kaliforniya a 1856, bayan an harbe shi yana cikin masu bin sawun wani riƙaƙƙen mai laifi. Maria Andreu ta karɓi fitilar St. Augustine a 1859 bayan mijinta ya faɗo daga hasumiya yana shafenta. Elizabeth Williams ta karɓi ta tsibirin Beaver a tafkin Michigan a 1872, bayan mijinta ya nutse yana ƙoƙarin ceton mutanen wani jirgi. A New Zealand ma, Mary Jane Bennett, wadda ita ce farkon mai tsaron hasumiyar Pencarrow da aka kunna ranar 1 ga Janairu 1859, mijinta ya riga ya nutse tun 1855, ita ce kuma ta ci gaba da kunna fitilar wucin gadi da ke wurin kafin a gina ta dindindin. Duk wannan Malam ya yi daidai.

Inda ya kauce shi ne wajen sababin naɗin, domin ya ɗauki abin da ya zo tare da hukunci ya mai da shi illar hukuncin, wannan kuwa kuskure ne da ɗaliban usulu suke gudu tun a darasin farko. Mutumin da ya riƙe al'amuran hasumiyoyin Amurka daga 1820 zuwa 1852, Stephen Pleasonton, babban akawu ne a Baitulmali, kuma tarihi ya san shi da tsananin riƙon kuɗin hukuma, har ya daɗe yana ƙin sayen gilashin Fresnel saboda tsadarsa, alhali matuƙan jirage suna kukan cewa fitilun ƙasarsu sun dushe idan aka gwada da na Turai. Wannan mutum, wanda babu mai tuhumarsa da yawan kyauta, shi ne ya bayyana a 1851 cewa ya sa an naɗa kimanin mata 30 a madadin mazajensu da suka rasu, kuma dalilin da ya bayar shi ne larurar da ke akwai ta fitilu su kasance a hannun waɗanda suka goge da aikin, da sharaɗin matar ta zama mai natsuwa da kamun kai. Ke nan hujjar da mai naɗin ya kafa da bakinsa ita ce ƙwarewa da amana, watau ainihin sharuɗɗan da ake kafa wa kowane ma'aikaci. Da sadaka ake nufi, da akwai hanyoyin da suka fi sauƙi da aminci, domin babu mai hankalin da zai ciyar da bazawara ta hanyar damƙa mata rayukan fasinjoji da dukiyar fatake, sa'an nan ya kwana da fargaban abin da dare zai haifa. Albashin ma galibi na muƙamin ne, ba a rage shi don mace ce ta hau. Charlotte Layton dala 1,000 take karɓa a shekara, kuɗin da aka yanka wa wurin.

Daga nan sai wata tambaya ta taso, wadda na so a ce Malam ya yi wa kansa kafin ya rufe maƙalarsa: a ina bazawarar ta samo ƙwarewar da har Baitulmali ya shaida? Ba makaranta ta shiga ba, ba kuma a daren rasuwar mijinta aka yi mata ilhama ba. Ta same ta ne cikin shekarun da ta yi tana hawa matakala tana sauka, sunan wani yana cikin rajista, hannunta yana kan lagwani. Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na Catherine Moore, a hasumiyar Black Rock ta jihar Connecticut. An naɗa mahaifinta Stephen Moore a 1817, ba a jima ba ya ji rauni ya nakasa, 'yarsa ta ɗauki aikin tun tana yarinya, amma sunansa ya zauna a rajista har ya rasu a 1871, sai a lokacin aka naɗa ta, ta ajiye aiki a 1878. Wanda ya dogara da rajista kaɗai zai rubuta cewa wata tsohuwa ta ci gadon ubanta shekara bakwai. Wanda ya bi diddigi zai tarar da ma'aikaciyar da ta haura shekara hamsin tana aiki kafin hukuma ta ambaci sunanta. Haka Ida Lewis ta Lime Rock a Newport: iyalinta sun koma kan dutsen a 1857, cikin 'yan watanni ɓarin jikin mahaifinta ya shanye, ita da mahaifiyarta suka riƙe fitila tana 'yar shekara 15, tana kuma tuƙa ƙannenta a kwalekwale zuwa makaranta kowace rana, amma ba a naɗa ta ba sai 1879, bayan shekara 22.

Labarin Abbie Burgess ya isa a tsaya a kansa, domin a cikinsa babu bazawara, babu naɗi, babu albashi, sai aiki tsagwaronsa. Matinicus Rock wani tsiraren dutse ne can cikin teku nesa da gaɓar jihar Maine, yana da hasumiya biyu masu fitilu 28, an kuma naɗa mahaifinta a wurin a 1853. A watan Janairu na 1856, da abinci da mai suka yi ƙaranci, uban ya shiga jirgi ya nufi gari, yana barin wurin sai guguwa ta taso ta hana shi komowa har kimanin mako huɗu, ya bar matarsa marar lafiya da ƙananan 'ya'ya mata a hannun Abbie, wadda a lokacin shekararta 16. Da ta ga raƙuman ruwa sun fara haurowa bisa dutsen, ta kwashe uwarta da ƙannenta ta kai su cikin hasumiya, ruwa kuwa ya zo ya share tsohon gidan da suka taɓa zama. Duk da haka babu daren da fitilun nan suka kwana a mace har uban ya dawo. A 1861, da mulki ya sauya hannu aka sauke mahaifinta aka naɗa wani, ita ce ta zauna ta koya wa sababbin masu tsaro yadda ake sarrafa fitilun, daga baya ta auri ɗan gidan, Isaac Grant, aka naɗa ta mataimakiya. Ina tambayar Malam, cikin ladabi: a wannan gida, wa ya ci sadakar wa?

Har ila yau, akwai hujjar tsawon zamani, wadda ita kaɗai ta isa ta rushe zancen tausayi, domin tausayi kan yi wata ko shekara, amma ba ya jure wa bincike na shekara arba'in. A 1852 aka karɓe hasumiyoyi daga hannun Pleasonton aka ba wata majalisa ta hafsoshin soja da masana, wadda ta raba ƙasa gunduma-gunduma, ta sa sufetoci daga hafsoshin sojan ruwa suna zagayawa suna duba gilashi da mai da kundi, suna da ikon kai rahoton duk wanda ya yi sakaci a sallame shi. A ƙarƙashin wannan tsauri Harriet Colfax ta riƙe fitilar Michigan City daga 1861 zuwa 1904, shekara 43, har ta kai shekara 80 a duniya, kuma cikin aikinta har da bin wata doguwar gada da ta shiga cikin tafki, a daren sanyi da iska, don ta kunna fitilar da ke ƙarshenta. Julia Williams ta riƙe ta Santa Barbara daga 1865 zuwa 1905. Margaret Norvell ta yi aiki a hasumiyoyi uku na jihar Louisiana daga 1891 zuwa 1932. Barbara Mabrity ta gaji mijinta a Key West a 1832, ta ga guguwar 1846 da ta rushe hasumiyar ta kashe mutum 14 da suka fake a ciki, ta koma aiki a sabuwar da aka gina, kuma da aka sallame ta a 1864, tana da shekara 82, laifin da aka ɗora mata na siyasa ne, watau karkata ga 'yan Kudu a lokacin yaƙin basasa. A Turkey Point ta jihar Maryland kuwa, cikin masu tsaro 10 da wurin ya yi, 4 mata ne, kuma su suka riƙe shi mafi yawan shekarunsa. Masu bincike biyu, Mary Louise Clifford da J. Candace Clifford, da suka bi kundayen hukuma suka wallafa littafi a kan haka a 1993, sun ƙirga mata fiye da 120 da aka naɗa shugabannin hasumiya da sunansu, ban da waɗanda aka naɗa mataimaka, waɗanda suka fi haka yawa. Riwaya idan ta zo ta hanyoyi masu yawa haka, daga gaɓa daban-daban da zamani daban-daban, ta fita daga babin nadiri.

La'alla Malam ya ce ai Harriet Colfax 'yar'uwar Schuyler Colfax ce, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban ƙasa, kuma Emily Fish, wadda ta riƙe Point Pinos daga 1893 zuwa 1914, surukinta sufeton hasumiyoyi ne, saboda haka alfarma ce ta shigar da su. Na yarda alfarma ta yi aiki, sai dai a wancan zamani ita ce ƙofar da maza ma suke bi, shi ya sa mahaifin Abbie ya rasa muƙaminsa da sauyin gwamnati ba tare da wani laifi ba. Alfarma tana iya buɗe wa mutum ƙofa, amma ba ta hawa matakala a madadinsa da tsakar dare. Kuma ɗan'uwan Harriet ya bar mulki, ya bar duniya ma a 1885, ita kuwa tana nan bisa aikinta kusan shekara ashirin bayansa. Waɗannan mata biyu kuma ba matan masu tsaro ba ne balle a ce gado suka ci, wannan ma wani giɓi ne a cikin da'awar farko.

Game da da'awa ta biyu, a nan ma akwai abin da zan sallama wa Malam. Grace Darling, 'yar mai tsaron hasumiyar Longstone a tsibiran Farne na Ingila, wadda ta fita da mahaifinta cikin kwalekwale ranar 7 ga Satumba 1838 don ceton waɗanda suka tsira daga jirgin Forfarshire, lalle jaridu sun yi mata ƙari: sun kusa mantawa da uban, alhali tare suka tuƙa, kuma a zuwa na biyu ita ta zauna a gida tana jinyar waɗanda aka fara kawowa. Masu zane da masu neman silin gashinta sun dame ta har ta rasu a 1842 tana da shekara 26, ba a kuwa taɓa naɗa ta mai tsaro ba. Amma ƙarin da mai ba da labari ya yi ba ya soke asalin abin da ya faru. Mutum tara aka ɗauko daga kan dutse, kuma kwalekwalen ba zai isa wurin da hannu biyu kawai ba. Ida Lewis ma jaridu sun yi ta yayata ta bayan ta ceto sojoji biyu a guguwar ƙanƙara ta watan Maris 1869, har Shugaba Grant ya gana da ita a wannan shekara. Sai dai lambar zinariya ta ceton rai da aka ba ta a 1881, wadda ita ce mace ta farko da ta samu, gwamnati ce ta bayar, saboda wasu sojoji biyu da ƙanƙara ta fashe da su ta jawo su, kuma rayuka 18 ne aka tabbatar mata a hukumance. Ta mutu bisa aikinta a 1911, aka sa wa dutsen sunanta a 1924.

Bal ma ni ina ganin kuskuren jaridu ya karkata ne ga kishiyar abin da Malam yake zato. Sun rungumi ceton rai domin yana da daɗin labari, suka bar ainihin aikin, wanda ba ya da armashi ga mai karatu, watau haƙurin dare bayan dare. Wa ya san Juliet Nichols? Ita ce ke tsaron tsibirin Angel a mashigin San Francisco, kuma a watan Yuli na 1906, watanni kaɗan bayan girgizar ƙasar da ta rushe birnin, na'urar ƙararrawarta ta lalace cikin hazo, sai ta ɗauki guduma ta yi ta bugun ƙararrawar da hannu har sa'a 20 da minti 35, kamar yadda ta rubuta wa sufeto. A Faransa, a hasumiyar Kerdonis ta tsibirin Belle-Île, mai tsaro Matelot ya rasu a 1911 bai ƙarasa haɗa na'urar da ya kwance don gyara ba, matarsa ta kunna fitila, ita da manyan 'ya'yanta suka kwana ana juya ta da hannu, gawar maigida tana kwance a ɗaki, saboda sun san cewa fitilar da aka saba gani tana juyawa, in ta tsaya cik, matuƙi zai ɗauke ta wata ce daban ya bi hanyar da za ta halaka shi. Jirgin da ya wuce lafiya ba ya shiga jarida, mutanen cikinsa ma ba su san an yi musu wani abu ba, wannan kuwa shi ne mafi yawan abin da matan nan suka aikata.

Saura da'awa ta uku. Gaskiya ne adadin mata ya yi ta raguwa tun ƙarshen ƙarni na 19, gaskiya ne kuma injunan busa ƙaho na hazo da makamantansu sun shigo a lokacin, har hukuma ta riƙa kafa hujja da nauyinsu. Amma akwai bambanci tsakanin a gwada mutum ya kasa da a hana shi gwadawa, kuma Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Abin da tarihi ya nuna shi ne ƙa'idojin shiga ne suka sauya: bayan yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 aka riƙa fifita tsofaffin sojoji a muƙaman gwamnati, a 1896 aka shigar da masu tsaro cikin tsarin ma'aikatan gwamnati mai sharuɗɗa, a 1910 aka kafa sabon ofishin hasumiyoyi, a 1939 aka haɗe aikin gaba ɗaya da rundunar tsaron gaɓar teku, wadda rundunar soja ce, ba ta kuwa buɗe wa mata ƙofarta sosai ba sai 1973. Inda aka bar mata a kan aiki, sun riƙe injin kamar yadda suka riƙe lagwani. Katherine Walker, haifaffiyar Jamus, 'yar ƙaramar mace, da mijinta ya rasu a hasumiyar Robbins Reef da ke tsakiyar ruwa a mashigin New York, hukuma ta yi jinkirin naɗa ta shekaru saboda ƙanƙantar jikinta, ta yi tayin wurin ga maza suka ƙi shi saboda kaɗaici, a tsawon lokacin nan kuwa ita ke kunna fitila. Ita ke tayar da injin ƙahon hazo, in ya tsaya ta hau ta bugi ƙararrawa, ta ceto kimanin mutum 50 bisa ƙidayarta, ba ta ajiye aiki ba sai 1919. Fannie Salter, da mijinta ya rasu a Turkey Point a 1925, an ce mata shekarunta sun wuce ƙa'ida, har sai da maganar ta kai ga Shugaba Coolidge ya tabbatar da ita. Ta yi aiki da fitilar mai, ta yi da ta lantarki, ta zarce har ƙarƙashin rundunar, ta yi murabus a 1947.

Kuma in ɓacewa daga aiki hujja ce ta gazawa, to, ta hau kan maza ma, domin na'urori masu sarrafa kansu sun kore su baki ɗaya: a Ingila masu tsaro na ƙarshe na babbar hukumar hasumiyoyin ƙasar sun bar North Foreland a 1998. Cikin na ƙarshen da suka rage akwai mata, kamar Peggy Braithwaite da ta shugabanci hasumiyar Walney daga 1975 zuwa 1994, da Sally Snowman, wadda aka naɗa a 2003 a hasumiyar Boston, wurin da aka fara kunna fitila a 1716, ta kuma sauka a ƙarshen 2023 a matsayin mai tsaro ta ƙarshe ta hukuma a Amurka. Ita kanta rundunar da ta gaji aikin, da ta gina sababbin jiragen kula da alamomin ruwa a ƙarshen ƙarni na 20, ta sa wa wasu sunayen Ida Lewis da Katherine Walker da Abbie Burgess da Barbara Mabrity. Sojan ruwa kuwa ba su raɗa wa jirgi sunan wanda suka ɗauka almajirin Baitulmali ne.

Abin da ya sa na tsawaita a kan al'amarin mutanen da suka yi nisa da mu a ƙasa da addini da zamani shi ne, adalci ba ya tambayar dangi, kuma mai rubuta tarihi mai ba da shaida ne, za a tambaye shi abin da ya faɗa da abin da ya rage. Kuskuren Malam kuskure ne na manhaja, wanda kowanenmu zai iya faɗawa cikinsa a kowane fanni: ya ɗauki rajistar albashi a matsayin cikakken tarihin aiki, alhali rajista tana faɗin wanda aka biya ne kawai, wanda ya yi aikin kuwa sai an neme shi a kundin dare da wasiƙun sufetoci da shaidar waɗanda aka ceto. Idan aka bi waɗannan, hukuncin da zai fito shi ne cewa tsaron fitila aikin gida guda ne tun farko, mata suna cikinsa tun kafin a naɗa su, naɗin da aka yi wa zawarawa iƙirari ne da ya zo a makare, kuma sharuɗɗan nan biyu, ƙarfi da amana, sun cika su bisa shaidar waɗanda aka ɗora wa binciken su. Saboda haka ina kira ga Malam, da yake na san shi mai komawa ga gaskiya ne idan ta bayyana, ya sake duba waɗannan sunaye da shekaru, in yana da hujjar da ta rushe su ya kawo mu amfana, in kuwa babu, ya janye kalmar sadaka daga kan albashin da aka ci da gumi. Allah Ya sa mu zama masu ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, Ya kuma kare alƙalumanmu daga tauye mutane, rayayyu da matattu.